Littafin Baƙi na Malam Ishaya

Malam Ishaya na lambun itatuwa ya rasu. Yau da safe labarin ya same ni a Kwangila, ina jiran motar Samaru. Wurinsa ma za ni.

Albishir na ɗauko masa. Jiya jikata Rukayya ta sami takardar shiga jami'a, za ta karanci ilimin gandun daji. Tun jiya bakina bai rufu ba don murna. Yanzu ga ni zaune a shagona na gyaran keke a Muchia, takardar tana aljihuna.

Ga wanda bai san shi ba, shi ne mai kula da lambun gwamnati da ke bayan Samaru. A da sai da tikiti ake shiga. Ya daɗe yana sintiri daga wannan ofis zuwa wancan, har aka yarda 'yan makaranta su riƙa shiga kyauta ranar Asabar. Sharaɗi ɗaya aka sa: babba ya rako yara, ya rubuta sunansa a littafin baƙi. Duk ƙarshen shekara ana duba littafin. In an ga ba a zuwa, tikiti ya dawo.

Ranar da na fara kai Rukayya, tana aji uku a firamare. Ya miƙo mini biro, na miƙa masa babban yatsa.

Ya ce, "Malam Tanimu, nan ba rumfar zaɓe ba ce."

Na ce, "Haba Ishaya, da furfurata zan shiga aji?"

Ya ce, "Kukar can ta girme ka, bana ma ta yi sabon ganye."

Ya kama hannuna muka ja sunan tare. Wata bai cika ba na shiga ajin yamma na manya a Sabon Gari. Da hannun nan nake rubuta muku wannan.

Yakan tara wa yara kanya da tsamiya a ƙwarya, amma ba ka ɗauka sai ka faɗi sunan itacen. In azahar ta yi, shi mai zuwa coci, shi ke kawo mini buta, ya shimfiɗa mini buhu a gindin maɗaci.

Ganina da shi na ƙarshe Asabar biyu ke nan. Ya rame, yana tari. Ya buɗe mini shafukan bana, fari ya fi rubutu yawa. Ya ce, "Tanimu, na gaji da bin makarantu ina roƙo. In suka ga wannan a Disamba, shi ke nan."

Na ce zan zaga unguwa in yi wa iyaye magana. Ban zaga ba.

Allah ya saka masa da inuwar da ya ba 'ya'yan mutane, ya ba iyalinsa haƙuri. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a, kowa da yadda yake yin tasa.

Ranar Asabar ni da Rukayya muna bakin ƙofar lambun tun ƙarfe tara. Mutanen Hanwa, Palladan, Muchia, ku kwaso yara ku zo ku ga abin da ya bar mana. Littafin yana nan a kan bencinsa. Wanda bai iya rubuta sunansa ba, kada ya ji kunya. Zan kama masa hannu.