Ƙoƙon da Najaha ta zana

Badariyya 'yar Matameye ce, 'yar fari a ɗakin Baiwa mai zanen ƙwarya. Tun tana rarrafe take shaƙar ƙaurin wuƙa mai zafi a jikin duma. Da ta gama lise, wato sakandare, sai ta tafi Yamai karatun zane. A shekarar ƙarshe malaminsu ya ce kowa ya koma garinsu wata biyu, ya nemi inda zane zai rage wa mutane damuwa. Wanda bai samu ba, babu takardar gamawa.

Ta fara da gidan matasa. Samari suka zo kallon ƙwallo, suka yi fifita da takardunta. Ta gwada wata lakwal a Kance, darakta ya ce ta riƙe masa aji tunda malamin lissafi bai zo ba. Kafin ta isa cibiyar yara masu tamowa, damina ta yi nisa, hatsi ya ƙare a rumbuna, ita ma ƙarfinta ya ƙare. Nan ne wuri na ƙarshe.

Zulaiha, malamar asibitin, ta nuna mata rumfar da uwaye ke wuni. Badariyya ta raba takardu da fensir, ta durƙusa gaban wata mata daga Dawce mai suna Najaha, wadda ɗanta ke kwance a gefenta, ƙafafunsa sun kumbura.

"Yaya, zana mini shi. Ki faɗa mini sunansa in rubuta a ƙasa."

Najaha ta kau da kai. Sai wata tsohuwa ta tuntsire da dariya.

"Malama, ke a mota aka haife ki? Ɗan fari ne fa! Ta kama sunansa a gaban mutane?"

"A Yamai ko kunyar ma sun jefa a kogi," in ji wata.

Badariyya ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ita wadda uwarta ba ta taɓa kiran sunanta ba, kullum sai "waccan", ita ce ta manta! Ta tattara takardunta, ta kwana biyu ba ta leƙa ba.

Rana ta uku ta koma, don ba ta da wani wurin zuwa. Wannan karon ƙananan ƙoƙuna ta ɗauko daga ɗakin uwarta, da wuƙaƙe biyu da kaskon gawayi. Ba ta ce wa kowa ya zana komai ba. Ta zauna a bakin rumfa tana ƙona layi a bayan ƙoƙo.

"Hannunki ya karkace," in ji Najaha, ba tare da ta ɗaga murya ba. "Kawo."

Kwana shida Najaha tana zanen ƙoƙo guda: zangarniyar gero, sawun zabo, sannan wani ɗan zobe da take maimaitawa. A ciki take ba yaron madarar asibiti. Ba ta taɓa cewa nasa ne ba.

Ranar Laraba da hantsi yaron ya cika. Najaha ba ta yi kuka ba, ana kallonta. Ta naɗe tabarmarta, ta ɗaure ƙoƙon a bakin zanenta, ta riƙe shi da hannu biyu har ta hau amalanken da ya zo ɗaukarsu.

Badariyya ta taka zuwa gida. Ta ƙudurta ta bari ke nan, takardar gamawar ma ta tafi. Ta zube a tsakar gida.

"Waccan ta ci abinci kuwa?" Baiwa ta tambayi bango.

Ta miƙo mata fura a wani tsohon ƙoƙo mai ɗinki a baki, wanda ba a ba kowa a gidan sai ita. Shekara ashirin da uku tana sha a ciki, yau ta fara juya shi ta duba zanen.

Ta daɗe tana dubawa. Zanen hannun Baiwa ne, ita ma ba ta taɓa cewa don 'yarta ta yi shi ba.

"Inna, akwai sauran ƙananan? Mata tara ne a rumfar."

"Duba bayan randa," in ji Baiwa. "Kuma ki daina karkatar da hannu."