Takardun da Baba Ya Kai Kanal

Shekarar da gigin tsufa ya kama Baba, ina tsakiyar rubuta littafina na huɗu. Na ce littafi, amma ba wani kamfani ne yake buga min ba. Da hannu nake rubutawa a dogayen takardu, in na gama in yi taifin a waya, in tura wa matan da suke karanta ni, waɗanda yawancinsu ban taɓa ganin fuskarsu ba. Ni ce marubuciya, ni ce mai gyara, ni ce mai talla, ni ce kuma mai ba da haƙuri in an ji ni shiru.

A lokacin aurena ya mutu, na dawo gidanmu a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure. Inna ta daɗe da rasuwa. Yayana yana gidansa, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Kullum da safe yakan shigo ya yi wa Baba wanka, ya canza masa kaya, ya wuce gona. Sauran yinin nawa ne: koko, magani, wankin zanin gado, tuwo, da tsaron ƙofa.

Tsaron ƙofar ya fi komai wuya. Baba a noman rani ya ƙare ƙarfinsa, tumatir da alkama, damina kuma shinkafa. Ya manta sunayenmu, ya manta Inna ta rasu, yakan ci abinci ya ce tun jiya ba a ba shi komai ba. Amma duk ranar da aka saki ruwa a kanal ɗin bayan gari, ko ba wanda ya faɗa masa, sai ka ga ya miƙe yana neman takalminsa. Yaya ya ce wai ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa yake ji. Ni dai ban sani ba, abin da na sani shi ne ranar ruwa ba na rubuta layi biyar a jere.

"Baiwar Allah" yake kirana. In na kawo masa koko sai ya gyara zama, ya karɓa da hannu biyu.

"Sannu da aiki, baiwar Allah. Mutanen gidan ba sa nan ne?"

"Suna nan, Baba."

"To, a gaishe su."

Watan farko kuka nake yi a madafa. Daga baya kukan ya daina zuwa, haushin ma ya daina. Na koma kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta, ana taɓawa ba ka ji. In tashi, in yi abin da ke gabana, in kwanta. Sai in na ɗauki biro nake tuna cewa ni ma mutum ce mai suna, shi ya sa na liƙe wa littafin nan. Wata tara ina rubuta shi a tsakanin azahar da la'asar, lokacin da Baba yake gyangyaɗi.

Kuma a takarda kaɗai yake. Wayata ta faɗa cikin bahon wanki tun ina babi na biyu. Mai gyara a Kura ya ce sai an kawo wani abu daga Kano, in na aika a tambaya ya ce sati mai zuwa. Da ƙaramar wayar matar Yaya nake leƙa saƙonni. Wata mai karatu ta rubuto min cewa marubutan yanzu ba su da alkawari. Na karanta ina matse zanin gadon da Baba ya ɓata, na mayar da wayar ban ba ta amsa ba.

Akwai wata ɗabi'a da nake da ita tun ina ƙarama. Ba na fara rubutu a shafi sai na sa Bismillah da Larabci a samansa, ko da jerin kayan miya zan rubuta. Baba ne ya koya min, a kan allo, kafin a sa ni a boko. Ni bahaguwa ce. Ya yi, ya yi in koma dama, ya gaji ya ƙyale ni. Har yau rubutuna kwanciya yake yi baya-baya, kuma ina danna biro har ya kusa huda takarda. Shi Baba bai taɓa yin boko ba. A wurinsa duk abin da ke ƙasan layin farko tafiyar tsutsa ne.

Ranar wata Talata, kwana ɗaya da gama babin ƙarshe, na shimfiɗa tabarma a inuwar ɗaki, na baje takardun babi-babi don in sa musu lamba, na danne kowane kashi da dutse. Baba yana kwance a nasa gefen, idonsa a rufe. Na san ranar ruwa ce, amma na ga ya ci ya ƙoshi, numfashinsa ya yi nisa.

Sai igiyar shanya ta tsinke a bayan ɗaki. Zannuwan gado uku da na wanke tun safe suka faɗo daidai inda awaki suke kwana. Ban ko yi tsaki ba. Na kwashe su, na jawo ruwa a rijiya, na sake ɗaurayewa, na ƙulla igiyar, na sake shanyawa. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba.

Da na dawo, ba takarda ko ɗaya a kan tabarma. Duwatsun suna nan an jera su a gefe, layi ɗaya, tsaf. Baba ba ya nan, takalminsa ma ba ya nan. Sakatar zaure ta kwance tun watan jiya, da tsumma nake ɗaure ƙyauren, kullum ina cewa gobe zan sa a gyara. Tsumman yana ƙasa.

Na yafa mayafi na fita. A bakin hanya wata maƙwabciyarmu tana yanka tumatir tana shanya kauɗa, ta ɗago kai.

"Yanzu Malam ya wuce wajen kanal, rungume da takardu. Na ce ko ke kika aike shi."

Zan faɗi gaskiya tunda ni nake rubutawa. Kanal ɗin nan ranar ruwa yana iya tafiya da babban mutum, balle tsohon da iska take kaɗawa. Amma a hanyar nan duka, takardun nake gani a idona. Sai da na hango farar hularsa sannan na tuna shi ma zai iya faɗawa. Ko kunyar hakan ban ji ba a lokacin, sai daga baya.

Yana tsugune a kan matakalar siminti inda mata suke ɗiban ruwa. Ya cire takalmi ya ajiye a sama. Takardun suna kan cinyarsa, sun ragu sosai. Yakan ɗauki guda, ya kawo ta kusa da ido, leɓensa ya motsa, ya hure mata ƙura, sannan ya kwantar da ita a kan ruwa da hannu biyu. Ruwan ya ɗauke ta. Can gaba na hango su jere, fari-fari, har inda kanal ya yi kwana.

A nan na gane abin da yake yi. Haka muka taso muka gan shi: ba ya wuce takardar da ke da sunan Allah a ƙasa. Ko a kasuwa ne sai ya tsince ta ya sa a aljihu. In sun taru, ya kai su ruwa mai gudu, don kada ƙafa ta taka su ko akuya ta ci.

Na sauka na tsuguna kusa da shi, na riƙe gefen rigarsa don kada ya zame.

"Baba, me ake yi?"

"Ke ce, baiwar Allah? A ƙasa na same su. Sunan Allah, an danne da duwatsu, ga awaki suna yawo."

"Kawo sauran in riƙe maka."

Bai ba ni ba. Ya ɗago wata ya nuna min layin sama da yatsa.

"Kin ga wannan? Hannun 'yata ce. Bahaguwa ce, shi ya sa ya kwanta. Ni na koya mata." Ya yi 'yar dariya. "Taurin kai gare ta. Sai ta danna alƙalami kamar mai huɗa."

Shekara guda ke nan ban ji ya ambace ni ba.

"Tana ina yanzu, Baba?"

"Tana makaranta. Yanzu za ta dawo." Ya rage murya. "In ta zo kada ki ce mata na gan su a ƙasa. Ba halinta ba ne, mantawa ta yi. Kunya za ta ji."

"Ba zan faɗa ba."

Ya kwantar da waccan ma a kan ruwa. Ina kallo, shafin da yarinyar littafin take komawa gidan ubanta ne. Hannuna yana kusa, da na miƙa da na kamo. Ban miƙa ba. Sai da ya gaji don kansa ya ba ni ragowar, shafi goma sha wani abu daga tsakiyar babi na tara, ya ce in ƙarasa masa gobe.

Washegari Yaya ya shigo da wasu a cikin kwandon tumatir. Masu ban ruwa ne suka tsinto su maƙale a bakin bututunsu, wasu a cikin fangalin albasa. Na shanya su a kan buhu. Sun bushe sun yi kumburi, rabin rubutun ya tafi, rabi yana nan amma ba kai ba gindi. Yaya ya gyara sakatar a ranar, da kansa, yana ta faɗa ba da kowa ba.

"Ki daina sa Bismillah a takardun nan," ya ce. "Ki yi a bakinki, ya isa. In babu ita, ko kallonsu ba zai yi ba."

Gaskiya ya faɗa. Na rubuta wa masu karatu cewa littafin ya samu matsala. Wasu suka yi addu'a, wasu suka fita daga guruf ɗin da nake tura musu rubutuna a waya. Wayata ta dawo daga gyara bayan sati biyu, lokacin da babu abin da zan yi taifin. Na sake farawa daga babi na ɗaya, amma ba ya fitowa yadda ya fito da. Har yanzu ina babi na huɗu, kuma a akwatin ƙarfe nake kulle shi.

Sai dai kullum da safe, kafin in kai masa koko, nakan yagi falle ɗaya, in rubuta Bismillah a sama da hannun hagu, in danna biron sosai. Ba a ƙasa nake ajiyewa ba, a gefen tabarmarsa ne, Allah Ya yafe min. Sai in koma ƙofar madafa in tsaya. Yakan daɗe bai gani ba. In ya gani ya ɗauka, ya kawo kusa da ido, ya hure ta.

"Yarinyar nan ta zo ne?"

"Ta zo, Baba. Kana barci."

"Ta ci abinci?"

"Ta ci."

Ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya miƙo hannu biyu ya karɓi kokon.

"Sannu da aiki, baiwar Allah."