Kwaɗon da Na Danna wa Ƙofar Gidanmu

Ranar Litinin ce. Ƙarfe bakwai na safe na shiga gaida Inna, mahaifiyata, a ɗakinta, a gidanmu da ke Tudun Wada. Tana kan tabarma tana jan carbi, koko na hucewa a gabanta. Takabar Baba take yi. Ta yi min tsiya wai hulata ta karkace kamar ta ɗan tasha. Na yi dariya, na wuce makarantar Islamiyya inda nake koyar da tauhidi.

Ƙarfe goma saura muka ji ihu daga bakin titi. Rigimar zaɓe ce. Aka sallami ɗalibai. Kafin in iso gida hayaƙin taya ya rufe layinmu. Masu shaguna na ta jan ƙofofi. Goma da rabi aka yi harbin farko.

Matata Hadiza ta goya jaririya, ta kama hannun babbar 'yarmu. Na faɗa ɗakin Inna.

"Inna, tashi mu tafi!"

"Mai takaba ba ta fita, Malam. Wanda nake wa biyayya yana ganina."

Na ce mata shari'a ta yarda idan ana tsoron rai. Na san hukuncin sarai. Ta girgiza kai kawai. Raina ya ɓaci, har na ɗaga mata murya, abin da ban taɓa yi ba. A waje wani ya kwarara ihu: "Ku fito! Ku gudu!"

Sai na yi abin da kowa ke yi a layinmu in an fara tarzoma. Na ja ƙofar gida, na danna kwaɗo ta waje don a ɗauka ba kowa a ciki. Nufina in kai su Hadiza harabar jami'a da ke Kongo in dawo.

Ta lungu muka bi. Takalmin Hadiza ya tsinke, ta bar shi. Sha ɗaya da kwata muka shiga harabar jami'a, muka tarar da mutane maƙil. Na juyo da gudu, jami'an tsaro sun tare hanya.

"Koma baya! Koma!"

Da azahar na hangi baƙin hayaƙi ta wajen unguwarmu. Gidan maƙwabcinmu ɗan siyasa aka cinna wa wuta. Iska ta tsallako da ita katangarmu.

Washegari da hantsi aka bar mu muka shiga. Kwaɗon na nan a kulle. A zaure na sami Inna, jikin ƙofar. Ashe ta taso.

Masu ta'aziyya suka yi ta cewa haka Allah Ya so. Ni ma na sha faɗa wa wasu hakan, bakina bai yi nauyi ba. Shekara da shekaru ina koyar da cewa ƙaddara, mai daɗi da mai ɗaci, daga gare Shi take. Yanzu idan muka zo babin, wani malami nake roƙo ya karɓe ni.

Ban daina sallah ba. Amma in na ɗaga hannu, tambaya ke riga addu'a fitowa. Dominka ta zauna, kuma Kana gani. Masu wuta na da laifi, ni ma ina da nawa, ban musa ba. To iskar fa? Ba ni na aiko ta ba. Sai in yi istigfari, in shafa, tambayar tana nan.

Mun rasa ɗaki uku, da littattafan Baba, da Inna. Saura kwana tara ta fita takaba.