Tsallen Yayana a Kan Katako

Yayana ɗan kwangilar gini ne, kuma leburori suna kiransa Buhu. Ba ya jin haushi, don Allah ya ba shi jiki. Da wannan jikin yake tsare rayukan mutane. Kowace safiya, kafin magini ya taka katakon da aka kafa a jikin bene, shi ke fara hawa. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya daka tsalle a kan kowanne, tumbi na rawa, ma'aikata na ƙasa suna shewa.

"Idan ya ɗauke ni," in ji shi, "zai ɗauke ku, 'yan ƙashi da rai."

Tun yana saurayi yake haka, kuma bai taɓa zuwa gidan wani da hular mamaci a hannu ba. 'Yan kwangila nawa ne za su iya faɗin haka?

Bana gwiwa ta kama shi. Sai ya ɗora babban ɗansa, magini mai mata da 'ya'ya, a kan ma'aikata, ya ce tsallen ya koma wuyansa. Shi kuma gogan, wai kunya! Wai ya girmi a yi masa dariya. Sai ya riƙa girgiza katakon da hannu daga ƙasa yana cewa, "Lafiya lau, ku hau."

Wata safiya yaya ya zo da sandarsa ba zato, ya tarar da mutane a sama, ɗansa kuma takalminsa fes, ko ƙurar siminti babu. Ya sauko da kowa. Ya hau da gwiwar nan yana nishi, ya yi tsallensa. Katako bai ko motsa ba. Ya sauko, ya ce wa ɗan ya miƙa makullin sito ga wani tsohon magini, daga yau shi ne shugaba.

Gida ya ɗauka. Matar yaya ta zo mini da kuka, "Ki yi masa magana, ke yake ji. Ai katakon bai karye ba!"

Na ce, "To, so kike sai ya karye? Waɗanda ke sama ba uwa ce ta haife su ba?"

Shi ma ɗan ya zo ɗakina, ya zauna a bakin gado yana murza hula.

"Gwaggo, a gaban leburori fa ya tozarta ni. Ni barin aikin zan yi."

"Bar shi mana. Amma kowa zai san tsalle ne ya kore ka. Ubanka da furfurarsa bai ji kunya ba, sai kai mai kyau?"

"Haba Gwaggo."

"Haba me? Tashi mini daga gado, ka yamutsa zanin."

Ban je wurin yaya roƙo ba, kuma ko na je na san amsar. Yaron ya yi fushinsa ya gaji, abinci ya fara ƙarewa a gidansa, ya ɗauki cokalin gininsa ya koma. Shugabanci dai bai dawo ba. Yana jera bulo a ƙarƙashin tsohon maginin nan, yana ce masa "to, Baba" kamar kowa.

Matar yaya har yau da ƙyar take amsa gaisuwata. Ta sha zamanta. Ni dai da na bi ta gaban ginin, sai na gyara mayafi na ce wa mai tafiya kusa da ni, aikin yayana ne.