Dukushi Mai Idon Nasara

A shekarun ƙarshe na mulkin Nasara ina da goɗiya guda a gidanmu na Tabla, gunya, launin surfaffen hatsi. Na kai ta wurin wani ingarma a Bonkuku, shi ma gunya. Abin da ta haifa kuwa, kai! Fari kamar kindirmo, hanci ja-ja, idanu shuɗɗa irin na kumandan, Baturen da ke mulkin Filinge.

Ni ban firgita ba. Ina saurayi na taɓa ganin irinsa wajen makiyayan Tondikandiya, shi ma uwa gunya, uba gunya. Jini ne kawai: kowanne ya ba da nasa hasken, suka haɗu, launin ya wanke. Ba kullum ba, amma yana fitowa. To wa zai saurare ni? A ƙasarmu ta Kurfai cewa ake doki mai irin wannan ido maigida yake ci. Maigida kuwa yayana ne, tun rasuwar mahaifinmu.

Mata suka daina bi ta barga. Maƙwabci ya daina ɗaure jakinsa jikin danganmu. Shi kuwa dukushin ba ruwansa, tsalle kawai, yana runtse ido in rana ta take. Ina son dabbar nan, wallahi.

Da damina yayana ya fara tari. Kawunmu ya same ni ina yankan ciyawa.

"Kai, fid da abin ga daga gidan ga."

"Kawu, tari ne. A kai shi likita Filinge."

"Mi likita ya sani ga sha'anin doki? Ɗan'uwanka ko dabba, zaɓi."

Na ƙi, har na ɗaga wa kawu murya, abin da ban taɓa yi ba. Ranar kasuwar Filinge na tafi neman magani. Na dawo na tarar da turke wayam, goɗiya na ta haniniya, nono na ɗiga. Har yau ba wanda ya gaya mini inda aka kai shi. Da na tambayi yayana, bango ya juya wa fuska.

Tarin bai tsaya ba. Kafin a gama yankan hatsi muka binne shi.

A raina na ce to, kun gani dai? Ashe ni ne ban gani ba. Ranar sadaka dattawa na zaune a tsakar gida, duk idonsu na barga. Cikin goɗiyar ya fara fitowa, na ingarman nan ne kuma, don tun da bazara na mayar da ita wurinsa. Kawu ya juyo gare ni a hankali.

"Yanzu kai ne maigida," in ji shi.