Harshen Ƙasa da Gemu Biyu

Birnin Kudu

Tun asuba muka fita, ni da taubashina Tanko da jakinsa mai tafiya kamar za shi gidan surukai. Dalilin tafiyar wani ɗan baƙin abu ne da ya tsiro a gindin tsamiya bayan ruwa, tsawon ɗan yatsa, kai a baje, sai ka ce ƙasa ce ta yi mana gwalo. Na ce wannan harshen ƙasa ƙanen naman kaza ne. Tanko ya ce jikan laimar kwaɗi ne. Muka rantse gaban jama'a: wanda ya faɗi, a aske masa gemu. Nawa kuwa gemu ne da tsuntsaye ke roƙon wurin sheƙa a cikinsa. Mai raba gardama ita ce Gwaggo Ladi ta Gwaram, wadda ta tsufa tana tsintar naman kaza.

Bakin kogi

Da azahar muka iske kogi ya cika. Mai fito ya leƙa ƙoƙon da na rungume, wanda na sa abin a ciki.

"Malam, hajar ke nan?"

"Maraya ne, za mu kai shi a faɗa masa ubansa."

"To, shi kyauta. Ku biyu da dabbar, kuɗin jaki uku."

Muka kwana a zauren wani manomi. Tuwon dawarsa, in ka jefi kura da shi, sai dai a yi wa 'ya'yanta gaisuwa.

Gwaram

Washegari da la'asar muka shiga gari. Gwaggo ta juya abin, ta shinshina, ta tsaga shi da farce.

"Ina hularsa? Ina saƙar ƙarƙashin hula? Naman kaza da laimar kwaɗi ɗaki ɗaya suka fito. Wannan gidansu daban. In ma da zumunta, ta kakannin kakanni ce."

Tanko ya ce, "Haba Gwaggo, ai duk bayan ruwa suke fitowa!"

"Kwaɗon ma bayan ruwa yake fitowa. Kawunka ne?"

Na yi wuf na ce tunda duk mun faɗi, ai magana ta mutu.

Ta ce, "Duk kun faɗi. A kira wanzami."

Gida

Bayan kwana biyu muka iso da almuru, kowa ya rufe haɓa da mayafi kamar mai ciwon haƙori. Matata ta fizge nawa da na Tanko, ta dube shi, ta dube ni.

"Haɓa iri ɗaya, wauta iri ɗaya. Ku kam zumuntarku ba sai an je Gwaram ba."

Mun gode Allah da ya dawo da mu lafiya. Cikinmu dai jakin ne kaɗai ya dawo da gashinsa cikakke.