Yawun Ƙahon Oko

Ataa Lamptey ya tsufa a layin baya na wata ƙungiyar makaɗa a Accra. Aikinsa gwara faya-fayan tagulla biyu, sau ɗaya tak, dab da ƙarshen kiɗa. Sauran lokacin gyangyaɗi yake, bai taɓa kallon sandar jagora ba. Oko mai busa ƙaho ne alamarsa: da ya juya ƙahon ya zazzage yawu, sai Ataa ya miƙe.

Sabon jagora, Mista Quaynor, ya zo da dogon buri. "Kiɗa numfashin teku ne," in ji shi. "Wanda bai bi sandata ba, ya koma kiɗan jana'iza."

"Oko, teku ma sanda yake bi?" Ataa ya raɗa.

Ranar babban wasa Oko ya narki dokunu, wato tuwon masara mai tsami, da barkono, yawu ya taru masa da wuri. Ana tsakiyar wani wuri mai taushi a kiɗan, goge na kuka a hankali, ya zazzage ƙaho. Ataa ya zabura ya gwara tagulla. Manyan baƙin da barci ya kwashe suka farka a firgice, suka ɓarke da tafi.

Ataa na haɗa kayansa, ya saddaƙar an kore shi, sai ya ji Quaynor na gaya wa 'yan jarida, "Tsawar nan? Ai dabarata ce." Ya juyo ya ce ƙasa-ƙasa, "Tsoho, gobe ma a daidai nan."

Daidai ina? Ga Oko ya rantse ya bar barkono. Tun ranar Ataa ke zama ido biyu, yana kallon sanda yana tsaki.